Yabon da ya kusa cinye murya: nazarin lamarin wata 'yar wasan daɓe a Kano

Kafin 2018: inda ta fito

Wadda wannan nazari ya shafa malamar firamare ce, haifaffiyar cikin Badala, wadda take wasan daɓe, wato wasan kwaikwayo a kan dandamali, da yamma idan ta tashi daga makaranta. An sakaya sunanta da na ƙungiyarta. Abin da aka bibiya shi ne yadda yabon da aka yi mata a kan fitowa guda ya ɗaure ta a rol iri ɗaya har muryarta ta dishe, da yadda aka yi ta dawo dandamali.

Kano ba baƙuwa ba ce a fagen wasa. Yara na fita tashe tun daga goma ga watan azumi. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kaduna, ya mai da su hanyar jan kunnen masu mulki, marigayi Maitama Sule kuma ya riƙe ƙungiyar wasa da ta yi suna. Da aka buɗe gidan talabijin na jiha, CTV, ƙungiyoyin dirama suka samu sabuwar ƙofa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin bidiyo da ake lissafawa a matsayin mafarin masana'antar da ake kira Kannywood yanzu, daga nan gwanayen daɓe suka yi ta kwarara gaban kyamara, domin can kuɗi yake. Abin da ya rage wa daɓe shi ne makarantu, ɗaliban jami'a, bukukuwan al'adu, da wasannin faɗakarwa da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi. Yawancin wuraren da ake wasan ɗakunan taro ne da aka gina domin jawabi: rufin kwano, fankoki na kaɗawa, janareta na ruri a bayan taga.

A kulob ɗin dirama na sakandaren 'yan mata malamar ta fara. Ta shiga ƙungiyar unguwa a 2016 bayan mahaifinta ya gindaya sharaɗi uku: ba dare, ba rawa, ba kwana a wani gari. Da safe tana gaban aji mai yara sama da 70, daga ƙarfe takwas har azahar. Sau uku a mako tana bita tsakanin la'asar da magariba.

Maris 2018 zuwa Nuwamba 2019: yabon farko

Wasan da ya fito da ita 'yan ƙungiyar ne suka tsara shi da kansu. Labarin wata mata ce mai takaba da dangin miji suka fara rabon gida tun kafin ta cika wata huɗu da kwana goma. Ita ce mai takabar. A fitowa ta ƙarshe tana durƙushe a tsakar gida tana kuka, tana yi wa ƙanin mijinta ihu, na tsawon minti tara. An fara nuna shi a Maris 2018 a wani ɗakin taro mai kujeru kusan 300.

Zauren ya amsa. Mata suna share hawaye da gefen mayafi, maza sun yi tsit. A makon, wani mai gabatar da shirin al'adu a rediyo ya ambace ta, wani marubuci ya ba ta rabin shafi a jaridar Hausa, aka kuma yi ta yaɗa guntun bidiyon kukan a Facebook. Duk yabon a kan abu ɗaya ya tsaya: ta sa kowa kuka. Babu wanda ya ambaci fitowa ta biyu, inda take zaune ita kaɗai tana ninke rigunan mamacin, ba ta ce uffan ba kusan minti biyu.

Cikin watanni ashirin da suka biyo baya ta fito a wasanni biyar, huɗu daga ciki da kuka suke ƙarewa: matar da aka saka, uwar ɗan da ƙwaya ta haukata, yarinyar da aka cire daga makaranta, sai wata bazawara. Wasu ƙungiyoyi suka fara aron ta, kuma duk wanda ya zo aro kukan yake nema. Sallamar da ake ba ta ta tashi daga naira 2,000 zuwa 10,000 a kowane wasa. Daraktan ƙungiyar ya ƙara wa fitowar mai takaba tsawo, ta kai minti goma sha biyu.

Daga maƙogwaro take fitar da ihun, jijiyoyin wuyanta a tashe. Bayan kowane wasa muryarta na dishewa kwana ɗaya ko biyu, sannan ta dawo. Ita da abokan wasanta sun ɗauki hakan alamar an yi aiki.

Disamba 2019 zuwa ƙarshen 2021: dishewa da magungunan farko

A hunturun Disamba 2019 muryar ta dishe ta ƙi dawowa har mako biyu. Aka ce ƙura ce da mura. Kafin a kai ga wani bincike annobar korona ta zo, aka rufe makarantu a Maris 2020, aka kulle Kano a Afrilu. Wata da watanni ba aji, ba dandamali. Muryar ta washe sarai, wannan ya ƙara tabbatar wa kowa cewa ƙura ce kawai. Da aka koma aiki, dishewar ta dawo cikin mako shida.

Abin da ta fara gwadawa shi ne na gida: zuma da lemon tsami a ruwan ɗumi, shayin citta da kanumfari, man shanu kafin barci, alewar sanyaya maƙogwaro a jaka kullum. Suna rage kaikayi na ɗan lokaci, muryar tana nan yadda take. Sau biyu ta sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ta shanye, bai canza komai ba. Ta kuma ɗauki wata al'ada ta yin raɗa duk ranar da ke gaban wasa, wai tana adana murya, tana yawan gyaran murya kafin ta shiga fitowa.

Ƙungiyar ta gwada makirfo. Na hannu bai yi ba, domin mai takaba ba za ta durƙusa tana roƙo da makirfo a hannu ba, kuma duk sanda ta matso kusa da lasifika sai ƙara ta tashi. Suka yi hayar ɗan ƙaramin da ake maƙalawa a ƙirji. Sau ɗaya batir ya mutu a tsakiyar wasa, sau ɗaya mayafi ya rufe shi. Ranar da ya yi aiki kuwa, disasshen ihun nan ya ƙara wa ƙarfi, kalmomin ba su ƙara fita ba. Ita ma ba ta sassauta ba, don jikinta ya riga ya saba.

A ƙarshen 2021 ta leƙa fim, da tunanin gaban kyamara ba sai an ɗaga murya ba. Ta samu ƙananan rol biyu, duka na uwa mai kuka, domin bidiyon nan na 2018 aka san ta da shi. Zaman jira a lokeshan ya yi karo da aikin makaranta da sharaɗin mahaifinta. Ta haƙura.

Oktoba 2022: ranar da muryar ta yanke

An shirya nuna wasan mai takaba kwana uku a jere. A rana ta uku, wajen minti na shida na fitowar ƙarshe, muryar ta ɗauke gaba ɗaya. Baki na motsi, iska kawai ke fita. Ta ƙarasa da hannu da fuska. 'Yan kallo suka ɗauka salo ne, suka tafa fiye da kullum, da dare kuma aka rubuta a intanet cewa kuka ne ya shaƙe ta don tsabar shiga rol.

Mutum ɗaya ya rubuta wani abu daban. Malami ne da ke koyar da wasan kwaikwayo a wata babbar makaranta a garin, kuma a layin ƙarshe ya zauna duk kwana ukun. Ya rubuta shafi biyu ya miƙa wa darakta hannu da hannu. Abin da takardar ta ƙunsa a taƙaice: daga tsakiyar zaure zuwa baya ana jin sautin kuka, ba a jin abin da mai takabar ke cewa. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya da tsawon wasali ke rarrabe ma'ana a cikinsa, ihu kuma yana baje su duka, ya haɗiye ƙarshen kalma. Ya ce mafi kyawun abin da ta yi a wasan shi ne ninke rigunan nan, musamman yadda ta tsaya a kan aljihun riga ta uku, ta laluba, ta ciro carbi, ta mayar. Ya rufe da cewa abin da ya faru a rana ta uku ciwo ne, a kai ta asibiti.

Takardar ta ɓata mata rai ƙwarai. Ƙungiyar ta rabu biyu, wasu na cewa hassada ce irin ta 'yan boko, wasu na cewa gaskiya ce ba a so. Wata biyu ba ta yarda an yi mata maganar ba. Muryar kuwa ba ta dawo daidai ba ko a aji.

Janairu zuwa Maris 2023: asibiti

Yayarta ce ta matsa har ta je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani asibitin gwamnati. Likita ya zura siririyar kyamara ya duba. A kan tantanin murya guda biyu akwai ƙananan ƙullutu, ɗaya na kallon ɗaya, kamar kantar da ke fitowa a tafin mai yawan daka. Ya yi mata bayanin cewa tantanin nan na haɗuwa da rabuwa wajen sau 200 a daƙiƙa guda idan mace na magana, ihu kuma na sa su bugi juna da ƙarfi, wurin bugun ya yi kauri, su kasa rufewa sosai, iska ta riƙa zurarewa. Malaman makaranta da mawaƙa na cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Zuma da citta ta maƙoshin abinci suke wucewa, ba sa taɓa tantanin. Raɗa da yawan gyaran murya kuwa ƙara masa wahala suke yi.

Ya gwada tsawon lokacin da za ta iya jan sautin "aaa" da numfashi ɗaya: daƙiƙa 8. Mace mai lafiyar murya kan kai 15 ko fiye.

Bai yi maganar tiyata ba. Ya ce ta taƙaita magana sosai na mako biyu, ta bar dandamali wata uku, ta yawaita shan ruwa, ta daina raɗa. Ya koya mata hura sauti ta tsinken shan lemo a cikin kofin ruwa, minti biyar sau uku a rana. A makaranta, shugabar ta mayar da ita aji mai yara 40. Ta sayi 'yar ƙararrawa don tsawatarwa, da ƙaramar lasifika da ake ɗaurawa a ƙugu.

Lokacin ya taimaka mata. Ƙarancin takardun naira ya tsayar da harkoki, ga zaɓen 25 ga Fabrairu da na 18 ga Maris, babu mai shirya wasa. Azumi ya kama a 23 ga Maris, ta raba shan ruwanta tsakanin buɗa-baki da sahur, ta rage yaji, ta daina kwanciya da zarar ta ci abinci, domin likitan ya ce tsamin ciki da ke tasowa yana ƙona wurin.

Afrilu zuwa Disamba 2023: sake koyon magana

Bayan Sallah ta je da kanta wurin malamin da ya rubuta takardar. Shi ya haɗa ta da wata dattijuwa da ta daɗe tana wasan kwaikwayo na rediyo kafin ta yi ritaya. Sau biyu a mako suke haɗuwa a tsakar gidan dattijuwar.

Watan farko ba a taɓa rubutun wasa ba. Kwanciya take a tabarma da littafi a kan ciki, tana jan numfashi har littafin ya ɗaga, kafaɗu ba su motsa ba. Sai jan sauti da baki a rufe har ta ji leɓɓanta da hancinta na rawa. A wata na biyu dattijuwar ta fara zama a bakin zaure ta juya mata baya, ita kuma tana ƙarshen tsakar gida tana karanta layi ɗaya ɗaya. Abin da dattijuwar ta ji shi take maimaitawa.

"'Yata, ban ji ba. Sake."

"Hajiya, in ɗaga ne?"

"Kada ki ɗaga. Buɗe bakinki ki ƙarasa kalmar. Wutsiyarta kike cinyewa."

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi ba ta haushi, domin ta shekara bakwai a dandamali ana ce mata gwana. Dattijuwar ta rediyo ta saba da mai sauraron da ba ya ganin fuska, don haka ba ta yafe harafi ko ɗaya. Ta kuma nuna mata cewa ana iya yin kukan wasa da numfashi da kafaɗa da katsewar magana, maƙogwaro na hutawa.

An samu koma-baya a Yuli. Bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayu kuɗin mota da na abinci sun tashi, sai ga gayyatar wasan faɗakarwa a filin wata makaranta, sallama naira 15,000, rol ɗin uwa mai kuka. Ta karɓa ba ta gaya wa Hajiya ba. A fili babu bangon da zai dawo da sauti, duk sanda nisa ya ninka ƙarfinsa na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Da ta ga na baya suna miƙo wuya, ta koma tsohon ihunta. Kwana shida muryar na dishe, aka koma kan tabarma.

Bayan wannan ne aka zauna da darakta, malamin yana wurin, aka yi yarjejeniya. Ba za ta yi fitowar kuka da ta wuce minti biyu ba. Ba wasa kwana biyu a jere. Ba fili sai da makirfon da aka gwada. Aka gyara zauren da suka fi amfani da shi ba tare da kashe ko sisi ba: layin farko da ke da nisan mita shida daga dandamali aka jawo shi zuwa mita biyu, aka kashe fankoki biyun da ke saman 'yan wasa, aka mayar da janareta bayan katanga. A kowace bita mutum ɗaya zai zauna a layin ƙarshe da takarda, ya sa alama a duk layin da bai ji ba. A bitar farko ta sabon wasa, cikin layukanta 60, ba a ji 23 ba. A ta ƙarshe, biyu.

Afrilu zuwa Agusta 2024: sabon rol, sabon sharhi

An nuna sabon wasan a ƙarshen Afrilu, bayan ƙaramar Sallah, sau huɗu cikin mako biyu. Ta fito a uwar adashi da ta taɓa kuɗin mata ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, ranar kwasa kuma ta zo. Babu kuka a ciki ko kaɗan.

Sharhi uku aka rubuta. Ɗaya ya tsaya a kan yadda take gaisawa da masu zubi fuska a sake, yatsunta kuma na lissafi a ƙarƙashin mayafi. Na biyu, wata ɗalibar jami'a ce ta rubuta shi, ya lura cewa murya uku take amfani da su: ta lallashin mai kwasa, ta yi wa 'yarta faɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji, da ta gaban mai unguwa, kuma ta ƙasa-ƙasan nan ma ana jin ta a layin ƙarshe. Malamin ya yaba shirun da ta yi lokacin da aka tambaye ta ina kuɗin, ya ce ta bar zauren ya jira har sai da wata mata a cikin 'yan kallo ta amsa mata. Ya kuma ce har yanzu tana yawan ba 'yan ɓangaren hagu baya, kuma tana gaggawa a fitowar farko. Wannan karon ta kwafi takardar ta kai wa Hajiya suka yi aiki a kai.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu 'yan kallo sun ce sun zo kuka an ba su dariya. Gayyatar wasannin faɗakarwa ta ragu, domin masu shirya su hawaye suke so, kuɗin da take samu a daɓe a 2024 bai kai na 2019 ba. A Agusta likita ya sake dubawa: ƙullutun sun motse ƙwarai, jan sautinta ya kai daƙiƙa 18.

Hukunci

Abu huɗu suka haɗu suka dishe muryar: aji mai cunkoso, zauren da ba a gina don wasa ba, ihu daga maƙogwaro, da yabo. Na ƙarshen ya fi damuna, domin shi ya riƙa tura ta cikin sauran. Waɗanda suka yabe ta a 2018 ba ƙarya suka yi ba, zauren ya yi kuka da gaske. Amma abin da 'yan kallo suka ji suka ba da labari, ba su faɗi abin da 'yar wasan ta yi ba. Yarinyar da ba ta taɓa samun malamin murya ba, wadda ke jin ana yi wa sana'arta kallon raini a unguwa, idan aka ce mata ga abin da ta iya, dole ta riƙe shi da hannu biyu. Darakta da masu aro su ma abin da aka yaba suka bi.

Magungunan gida da na kemis sun gaza domin ba su kai wurin ciwon ba. Makirfo ya gaza domin ƙara sauti yake, ba ya gyara yadda aka fitar da shi. Hutun 2020 ya warkar da ita na ɗan lokaci, amma ya ɓoye dalilin, ya jawo asarar shekara biyu. Abin da ya yi aiki haɗuwa ce: likitan da ya ga ciwon da idonsa, dattijuwar da ta sauya mata hanyar magana, da yarjejeniyar da ta hana a mayar da ita gidan jiya. Abin da ya faru a Yuli 2023 ya nuna cewa biyun farko ba su isa ba in babu na ukun. Duka ukun kuwa daga takardar nan mai shafi biyu suka samo asali, kuma a ganina ita ce yabo mafi girma da aka taɓa yi mata, domin mai ita ya zauna inda talakan ɗan kallo ke zama, ya ga carbin da ta ciro daga aljihu, ya faɗi sunan abin da ya gani.

Lamarin bai rufu ba. Yarjejeniyar ita kaɗai ta shafa. Ƙungiyar ta farfaɗo da wasan mai takaba a ƙarshen 2024, ta ba wata yarinya 'yar shekara 19 rol ɗin, fitowar ƙarshe tana nan da minti goma sha biyunta, kuma an riga an fara rubuta cewa ta sa kowa kuka. Malamar ta nemi a rage fitowar zuwa minti huɗu, a kuma riƙa sa mai takarda a layin ƙarshe a bitar yarinyar. Darakta ya amince da mai takarda, maganar rage fitowa ya ce a bari sai bayan an gama wasannin da aka riga aka karɓi kuɗinsu.